Idan Ibada Ta Sauya, Wa Ke Ɗaukar Kayan? Katolikan Nima da Maamobi

  Yau zancenmu a zango yake, amma ta wata ƙofa za mu shiga wadda ba a cika bi ba.

Idan aka ce maka Nima ko Maamobi, abin da ke fara zuwa maka a rai shi ne kiran salla, da kasuwar Laraba, da koko da ƙosai da sassafe, da Hausa a bakin kowa, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba. Haka ɗin ne kuwa, Musulmi su ne suka fi yawa. To amma a cikin Nima ɗin nan akwai cocin Katolika mai suna St. Kizito, kuma ran Lahadi idan ka bi ta wurin za ka ga mata da ɗaurin zane iri ɗaya, da yara sanye da fararen riguna, da dattawa da rigar saƙi ta arewa. Shi Kizito da aka sa wa cocin sunansa yaro ne ɗan Yuganda, ƙaramin cikin shahidan da aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, kuma Paparoma Paul na Shida ya sa su cikin waliyyan coci a 1964.

Ta yaya Katolika suka zo zango? Ai hanyar da kowa ya bi suka bi, wato neman abinci. Fadannin mishan da ake kira Fararen Fada, saboda farar rigarsu, sun sauka Navrongo a 1906, suka buɗe Jirapa a 1929. Daga nan addinin ya kafu a cikin Kasena da Frafra da Builsa da Dagaaba. 'Ya'yansu suka gangaro kudu, wasu gonar koko, wasu haƙar zinariya, wasu soja da ɗan sanda, wasu gadi da kuku a gidajen Turawa. Wanda ya iso Accra kuwa, ɗaki mai araha a zango yake. Ga kuma Ewe da mutanen Togo da Akan da suka zo nasu neman. Shi ya sa za ka tarar da gidan haya guda, mai gida Alhaji ne, ɗakin farko Bazabarme, na biyu Badagaabe mai gicciye a wuya, na uku 'yar Ewe mai sayar da kifi, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Ikilisiya, wato cocin unguwa da jama'arsa, fada ɗaya gare ta, in ta yi sa'a biyu ko uku. Duk sauran aikin, mutanen da ba a biyansu ko kwabo ne ke yi. Akwai matan da ke share coci da goge benci ran Asabar, bayan sun taso daga kasuwa. Akwai mawaƙa da ke haɗuwa koyon waƙa da dare sau biyu ko uku a mako. Akwai masu karatu, da yara masu hidimar bagade, da masu tsaron ƙofa da ke nuna wa mutane wurin zama su kuma zagaya da kwandon baiko. Akwai masu ƙirga kuɗin bayan an tashi, aikin da ba wanda ke so saboda zargi. Akwai 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul masu bin marasa lafiya da gajiyayyu gida gida, da ƙungiyar iyaye mata, irin wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira Zumuntar Mata, da 'yan Marshall masu kayan sarki, ƙungiyar da aka kafa a Sekondi a 1926. Sai katikis, mai koyar da masu shirin baftisma, wanda in ma ana ba shi wani abu, bai kai kuɗin mota ba.

Duk ranar da aka sauya wani abu a yadda ake ibada, a Roma ko a ofishin bishop ake yanke shawarar, fada ya karanta takarda daga kan bagade, shi ke nan ya sauke nasa. Waɗannan mutanen ne kayan ke faɗowa a kansu.

Mu fara da babban sauyin, na harshe. Kafin Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yin Mas, wato babbar ibadar Katolika, fada kuma yana fuskantar bagade, jama'a na bayansa. A ranar 4 ga Disamba 1963 taron ya fitar da takardar da ta buɗe ƙofa ga harsunan mutane. Mutanen arewacin Ghana ma sun riga taron. Peter Poreku Dery, Badagaabe na farko da ya zama fada, wanda aka naɗa bishop ɗin Wa a 1960, ya nemi izinin Roma a yi Mas da Dagaare, da muryoyin waƙar gida da kayan kiɗan gida, aka kuma ba shi. Abin kiɗan nan nasu na katako da ƙwarya da suke kira gyil, wanda ake bugawa a wurin makoki, ya shiga coci. A Kumasi kuma Bishop Peter Kwasi Sarpong ya shigar da tambura da rawar Asante.

A Nandom ko Kumasi abin da sauƙi, domin harshe ɗaya ne ya rinjaya. A zango fa? Harshen wa za a ɗauka? Ka ɗauki Dagaare, Frafra su ce an mayar da su baƙi. Ka ɗauki Twi, 'yan arewa su ce an sake yi musu abin da ake yi musu a ofis da asibiti. Sai a koma Turanci, wanda ba na kowa ba ne, tsohuwa kuma ta zauna awa biyu ba ta kama komai ba sai sunan Yesu da Amin. Maganin da majami'un birni suka samo shi ne rabo: karatu na farko da wannan harshe, waƙar baiko da wancan, addu'ar jama'a a zagaya da harsuna uku ko huɗu, kowace ƙabila kuma da Lahadinta ko ƙungiyar mawaƙanta. A ido abin sha'awa ne. Amma ka tambayi wanda ke tsara jadawalin nan, ka ji yadda yake kwana. Shi zai nemo mai karatun da ya iya karanta harshensa a rubuce, domin da yawa suna jin harshen amma ba su taɓa ganinsa a takarda ba. Shi zai lallashi shugaban mawaƙan da aka tsallake waƙarsa ran Ista. Mutum ne fa da ke da nasa aikin, tela ne ko direban trotro, da dare yake wannan.

Ga kuma wata matsala da ke tasowa a hankali. Yaron da aka haifa a Maamobi, kakansa daga Bolgatanga, Hausa da Turanci da Twi sun fi zama a bakinsa fiye da harshen kakan. Ana yi masa waƙa da harshen gida yana kallo kamar baƙo. A nan ni ina da ra'ayi, kuma na san ba kowa zai yarda ba. Hausa ita ce harshen da tsohuwar nan da jikanta duka suke ji, da ita suke ciniki, da ita suke faɗa da maƙwabta su kuma shirya. Wasu Kiristocin zango suna ɗari-ɗari da ita a coci, suna ganin harshen masallaci ce. Alhali Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, kuma a Kaduna da Kafanchan da Jos da Yola da Hausa ake Mas kowace Lahadi, ba wanda ya ce an sauya musu addini. Ko sanarwa ce da taƙaita wa'azi aka riƙa yi da ita, da an rage wa masu fassara wahala.

Wani sauyin ƙarami ne amma ya nuna yadda abin yake. A ƙarshen 2011 aka kawo sabuwar fassarar Turanci ta littafin Mas, wadda ta fi bin Latin kalma da kalma. Amsoshin da mutane suka haddace shekara kusan 40 suka sauya, har da amsar gaisuwar fada. Makonni aka yi ana jin coci ya rabu biyu, rabi na tsohuwar amsa, rabi na sabuwa. Su wa suka buga takardu suka raba a ƙofa, suka tsaya gaba kafin a fara ibada suna maimaita wa jama'a kamar 'yan makaranta? Katikis da mawaƙa. Waƙoƙin da aka saba ma sai da aka sake musu murya, domin sababbin kalmomin ba su hau tsohuwar ba.

Akwai kuma wanda ke zuwa duk shekara, wanda na Kano da Yamai ƙila ba ku san da shi ba. Accra ƙasar Ga ce, kuma kafin bikinsu na Homowo sarakunan gargajiya kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni. Dokar ta shafi coci, ta shafi lasifikar waje ta masallaci. A shekarun baya an sha yin rigima da wasu majami'u a kan wannan. To mawaƙan da suka saba da ganga da tafi sai su koma waƙar baki zalla, a cikin gini, murya ƙasa ƙasa. Shugaban mawaƙa mai dabara tun watan Afrilu yake fara zaɓen waƙoƙin da za su tsaya da ƙafarsu ba ganga. Wasu tsofaffi ma sun fi son watan nan, suna cewa ya tuna musu da cocin da.

Amma duk waɗannan wasa ne idan aka kwatanta da 2020. Ranar 15 ga Maris Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taruka saboda cutar korona, coci da masallaci duka a rufe, jana'iza kuma kada ta wuce mutum 25. Daga 30 ga Maris aka kulle Accra da Kumasi mako uku. Ista ta faɗo 12 ga Afrilu, a tsakiyar kulle. Musulmi kuma suka yi azumi da ƙaramar salla ba jam'i. Ka tuna yadda gidajen zango suke, ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, bayan gida na haya a waje, abincin yau sai an fita yau. An ce a bi Mas ta talabijin da Facebook. Wanda ke da babbar waya da kuɗin data ya bi. Tsohuwar da ba ta da ko ɗaya fa, wadda shekara 50 ba ta fashin Lahadi? Nan aka ga amfanin ƙananan ƙungiyoyin unguwa da masu ziyara, domin su ne suka san ƙofar kowa. Fada yana da littafin baftisma, amma wanda ya san cewa wance tana lungun bayan babban kwalbati, ba ta da kowa, ƙafarta kuma ta kumbura, ɗan sa-kai ne.

Da aka buɗe a farkon Yuni, sharuɗɗan sun yi tsauri: kada a wuce kashi 25 cikin 100 na cin ɗakin, kada a haura mutum 100, ibada kuma awa ɗaya tak. Yi lissafi da kanka. Cocin da ke tara mutum 1,000 ran Lahadi, in kowa zai samu shiga sai an yi Mas 10. Tsakanin kowace da mai bi mata sai an goge benci. A ƙofa sai an tsayar da mai auna zafin jiki, da mai rubuta suna da lambar waya, da mai cika bokitin wanke hannu, bokitin nan mai famfo da ake kira Veronica, da sunan Veronica Bekoe, 'yar Ghana da ta ƙirƙiro shi. Ruwan kuma a Nima ba kullum yake zuwa ba, wani lokacin sai an saya a jarka. Sannan ga aikin da ya fi kowanne ɗaci, wato tsayawa a ƙofa ka ce wa dattijon da ya girmi ubanka, “Baba, yi haƙuri, an cika, sai ta gaba.” Yarinya 'yar shekara 20 aka bar wa wannan, ita ta sha harara.

A cikin ibadar ma an taɓa abubuwan da mutane ke ji a jikinsu. An kwashe ruwa mai tsarki daga bakin ƙofa. An hana musafaha a lokacin gaisuwar salama, sai dai ka ɗan rusuna. Jibin Ubangiji kuma aka ce a tafin hannu za a karɓa, a daina sa wa mutum a harshe. Kada ka raina wannan. Wanda aka koya masa tun yana yaro cewa hannunsa bai isa ya taɓa abin nan ba, rana ɗaya a ce ya miƙa hannu, ba ƙaramin abu aka nema a wurinsa ba. Wasu sun yi watanni suna zuwa coci ba sa tashi karɓa. Mai karatu Musulmi zai gane wannan sarai, domin shi ma an ce masa ya bar tazara a sahu, abin da aka raine shi a kan cewa ba a yi. Masu zuwa gidajen irin waɗannan dattawa su zauna da su, su yi musu bayani da harshen da suke ji, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Baiko ma ya koma waya. Kuɗin MoMo ya shigo coci, ya kuma zauna har yau. Sai dai baikon Ghana ba a ɓoye ake yinsa ba, da rawa ake fita, musamman na ranar haihuwa da ake kira Kofi da Ama, inda 'yan Litinin ke gasa da 'yan Juma'a. Waya ba ta rawa. Majami'u da yawa sun ji a aljihunsu.

To yanzu cutar ta wuce, me ya rage? Abin da ya sa na kawo zancen nan ke nan. Ƙidayar jama'a ta nuna Katolika sun kai kashi 15.1 cikin 100 na mutanen Ghana a 2000, suka sauko 13.1 a 2010, suka koma kashi 10 a 2021. Bishop-bishop na ƙasar da kansu sun nuna damuwa a kan haka. Matasa da yawa suna tafiya majami'un Fentikos, inda kiɗa ya fi zafi, ake kuma ba saurayi makirufo tun yana sabon zuwa. A zango akwai ƙarin dalili. Duk wanda ya ɗan samu hali sai ya tashi, ya koma Kasoa ko Amasaman ko Ashaiman ko Madina inda ya sayi fili ko ya samu haya mai faɗi. Shekarun farko yana shigo trotro biyu ya zo cocinsa na da, daga baya cunkoson hanya da kuɗin mota su gajiyar da shi. Wanda ya tafi kuwa sau da yawa shi ne mai buga molo, ko ma'ajin ƙungiya, ko mai karatun Kasem guda ɗaya da ake da shi. Waɗanda suka rage sai aikin mutum uku ya hau kan ɗaya. Ka duba da kyau ran Lahadi, fuskar da ka gani tana shara jiya ita ce a cikin mawaƙa yau, ita ce kuma za ta dafa abincin makoki ran Juma'a.

Makokin ma wani nauyi ne. Ɗan arewa ya rasu a Accra, dangi na so a kai shi gida, tafiyar yini guda cur a mota zuwa Nandom ko Navrongo. Ƙungiyoyin coci da na gari su ke haɗa kuɗin, su yi kwanan zaune, su raka gawa. Mutum ya yi wannan sau uku a wata, ka ce masa ya zo taron kwamiti ran Talata?

Roma ta ɗan motsa. A Janairun 2021 Paparoma Francis ya gyara doka, mata su ma a iya naɗa su masu karatu da masu hidimar bagade a hukumance, aikin da dama sun daɗe suna yi ba naɗi. A watan Mayu na shekarar ya mayar da aikin katikis muƙami da coci ke naɗawa. Abu ne mai kyau, an ba aikin suna. Amma naɗi ba ya biyan kuɗin trotro, ba ya kuma haifar da magaji. A ganina gyaran yana hannun ikilisiya da kanta. Kafin a karanta wata sabuwar doka daga bagade, a fara zama da masu tsaron ƙofa da mawaƙa da katikis, domin su za a tare da tambaya a waje, kada su ji ta tare da kowa. Shugabancin ƙungiya a sa masa wa'adi. Dattijon da ya riƙe mabuɗin ɗakin kaya shekara 25 ya cancanci godiya, amma saurayin da ya zo sau uku aka ce masa ya jira, ba zai zo na huɗu ba. Kuma a daina ɗaukar cewa mai aikin Allah ba ya jin yunwa. Ruwan leda da burodi ga waɗanda suka tsaya tun ƙarfe biyar na asuba har azahar ba almubazzaranci ba ne.

Kai kuma maƙwabci Musulmi, kana cikin labarin nan ko ba ka sani ba. Idan ƙaramar ƙungiyar coci za ta yi addu'a a tsakar gidan haya, mai hankali a cikinsu yakan duba lokaci, kada waƙarsu ta hau kan magariba. Idan za a zagaya unguwa da ganyen dabino mako guda kafin Ista, a ƙofar shagonka za a wuce, kai ne za ka janye teburinka. A Istar 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je cocin Christ the King a nan Accra ya zauna a cikin jama'a, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi, hoton ya zagaya duniya. Wasu sun yaba, wasu sun yi suka. Mutanen Nima da Maamobi kuwa ba su ga baƙon abu ba, domin rumfar da aka kafa wa sunan jaririn Alhaji ran Asabar, sau da yawa wurin mai haya ɗaya aka ɗauko ta da kujerun da za a jera a harabar coci ran Lahadi, kuma yaran gida ɗaya ne ke ɗauko su a ka.

Masu sauraronmu na Zinder da Maraɗi, da na Sabon Garin Kano da na Zariya, inda ku ma Katolika 'yan kaɗan ne a cikin Musulmi, muna so mu ji yadda kuka raba aikin harshe a cocinku, da abin da kuka yi da dattawan da har yau ba su saba da karɓa a hannu ba. Ku aiko mana da wasiƙa ko saƙon murya, za mu karanta a shiri na gaba.